Kunun da Norbu Bai Sha Ba

Azumin bana ya faɗo a cikin sanyi. Ranar uku ga wata na fito buɗe shagona a unguwar University Heights, na tarar ƙanƙara ta kama kwaɗon ƙofa, sai da na zuba masa ruwan zafi kafin makulli ya juya. Ina tsaye ina jira, iskar kogi ta bi ta wuyan rigata ta sauka har gadon baya, sai na tuna Norbu. Kusan shekara talatin ke nan. Wata ya zagaya ya dawo inda ya bar mu.

A wancan lokacin ba ni da shago, ba ni da sito, ba ni da takardun zama. Tebur gare ni mai naɗewa a wata kusurwa ta gabashin Manhattan, layi kaɗan daga dogon ginin gilashin nan na bakin kogi inda ƙasashen duniya ke taro, mai jerin tutoci a gaba. Safar hannu nake sayarwa, da lema, da ƙyallen wuya. Mu shida ne a ɗaki biyu a nan Bronx, 'yan Damagaram da 'yan Maraɗi. Bututun ɗumama ɗakin yakan yi ta ƙara kamar ana dukansa da guduma, amma in ka taɓa shi sanyi ƙalau. Mun toshe tagogi da tsumma da leda. Da asuba mu yi sahur da shinkafa da mai da yaji, kowa ya kora da shayi, mu yi salla, mu ɗauki jakunkuna mu gangara tashar jirgin ƙasa, numfashinmu na fita kamar hayaƙi.

Masu cewa azumin sanyi sauƙi gare shi ba su tsaya a titi ba. Gaskiya yini gajere ne, kuma ba ƙishirwa. Amma kafin hantsi sanyi ya cinye abin da ka ci, daga nan sai ya koma kan jikinka. Yatsun ƙafa su fara zafi, su koma ƙaiƙayi, daga baya ka daina jin su. In mai saye ya miƙo kuɗi sai ka yi ta kokawa da yatsunka kafin su kama. A wancan watan an yi dusar ƙanƙara ta kwana uku ba wanda ya fita, muka zauna a ɗaki muna kallon buhun shinkafa yana lotsawa. Abin da ya riƙe mu shi ne tukunyar Hajiya Memuna, mutuniyar Kumasi da ke zaune a ƙasan benenmu. Kullum da rana takan dama koko, wanda mu muke kira kunu, ta soya ƙosai. Da la'asar ɗaya daga cikinmu ya bi tebur-tebur yana raba mana filas da ƙunshi. Takan ce mu 'yan Nijar ba mu san yaji ba sai mun zo hannunta.

Teburin da ke kusa da nawa na Norbu ne. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, yana sayar da hulunan ulu masu kunnuwa waɗanda matarsa ke saƙawa a Queens. Da farko na ɗauka ɗan China ne. Ranar da na faɗa masa haka ya yi kwana biyu bai gaishe ni ba. A na uku ya zana mini taswira a bayan kwali, ya nuna mini inda ƙasarsu Tibet take, wadda China ke mulka, ya ce da ƙafa ya fito daga can, ta kan duwatsu. 'Yan ɗakinmu suka sa masa suna Na-Dutse. Turancinmu duka a karye yake, amma ya ishe mu ciniki da zaman tare.

Shi ya koya mini sanyi. Ya ce in daina tsayawa a kan siminti, in shimfiɗa kwali ninki uku. Ya ce in cusa jarida tsakanin riga da riga, in sa leda a kan safa kafin takalmi. Yana da wani shayi da yake sha mai gishiri da man shanu, ya taɓa ba ni na kurɓa na kusa mayarwa, ya yi ta dariya. Da azumi ya kama, ban ce masa komai ba, amma ban sake ganin filas ɗinsa a kan tebur ba. Sai ya zagaya bayan wata mota ya sha ya dawo yana goge baki.

Yana da ƙane, malamin makaranta a garinsu. An samu hoton shugaban addininsu a ɗakinsa, an kuma ce yana koya wa yara abin da ba a yarda a koya ba. Aka tafi da shi. Shekara biyu ba wanda ya san ko yana raye. Norbu ya rubuta takardu har ya gaji, ba amsa. Ana nan, kwana biyar da kama azuminmu, ya ce mini shi da wasu mutum biyu za su zauna a ɗan filin da ke fuskantar ginin tutoci, ba za su ci abinci ba sai wani daga cikin manyan da ke shiga ginin ya miƙe a zauren taro ya ambaci sunayen mutanensu, ya tambaya ko suna raye. Abin da suke nema ke nan. Ya roƙe ni in haɗa teburinsa da nawa in riƙa sayar masa.

Na karɓi teburin, amma na gaya masa ra'ayina. Ni na san yunwa. Ina yaro aka yi fari a ƙasarmu, na ga mahaifiyata tana tona gidan tururuwa tana tsince ƙwayar hatsi. Ban taɓa ganin wanda ya je ya nemo yunwa da kansa ba. Na ce masa ni ɗan kasuwa ne, in ka kasa kaya sai ka san mai saye, wa zai sayi yunwarka? Ya ce ya sani, amma ba shi da wani abin da zai kasa.

Da na koma gida na gaya wa Hajiya Memuna cewa Na-Dutse ma ya shiga azumi. Ba ta tambaye ni wane iri ba, ni ma ban yi tunani ba. A wurinmu mai azumi mai azumi ne, in rana ta faɗi a ba shi abin buɗa-baki. Washegari ta ƙara filas ɗaya da ƙunshin ƙosai babba, ta ce na arnen nan mai kirki ne. Dab da magariba na kwashe teburan biyu na ajiye a wurin mai gadin wani gini, na taka zuwa filin. Na same su su uku a ƙarƙashin wata leda shuɗiya da suka ɗaure a jikin ƙarfe, sun lulluɓa da barguna, hotuna a jingine gabansu. Na duba agogo, na zuba kunu a kofi yana tururi, na miƙa wa Norbu, na ce lokaci ya yi.

Ya dubi kofin, ya dube ni. Ya ce, "Isufu, namu azumin ba shi da magariba."

Kunya ta kama ni. Na kawo wa mutum uku masu yunwa ƙamshin ƙosai har ƙarƙashin hancinsu. Na yi sauri na cusa ƙunshin cikin jaka, na miƙa hannu in karɓi kofin. Ya hana. Ya riƙe shi da hannu biyu ya rufe ido, ɗumin na shiga yatsunsa. Da ya ɗan jima ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya riƙe, ya miƙa wa na ukun. Haka kofin ya yi ta zagayawa har ya huce, ba wanda ya kai shi baki. Ni kuwa na juya baya na jefa dabino ɗaya a baki. Norbu ya ce gobe ma in kawo.

Haka muka yi kullum. Ban sake kawo ƙosai ba, kunu kawai, kofi uku. Su ruwa suke sha da ɗan gishiri. In kunun ya huce in mayar da shi filas, in sha abina da sanyinsa a cikin jirgi. Ban gaya wa Hajiya ba a sha, don da ta ji haushi. Na ga yadda yunwa ke aikinta daki-daki. Makon farko suna hira, har suna yi mini ba'a cewa azumina na yara ne. A na biyu murya ta janye, leɓɓa suka tsage, idanu suka faɗa. Dusar ƙanƙara takan taru a kan ledar har ta lotsa, in sa sanda in kakkaɓe. Manyan motoci baƙaƙe suna wucewa safe da yamma. Wasu masu wucewa a ƙafa kan tsaya su karanta abin da su Norbu suka rubuta a kwalaye. Daga cikin ginin ba wanda ya tsallako titi.

A kwana na goma sha huɗu Norbu ya ciro ambulan mai ɗauke da sunayen mutanensu daga cikin bargo. Ya san akwai wani babban jami'i da ke aiki a ginin, Bahaushe daga ɗaya cikin ƙasashenmu, ba zan faɗi wacce ba, wanda muke sallar Juma'a tare da shi, kuma yakan tsaya a teburina ya yi mini barkwanci. Norbu ya ce in kai masa. Ya ce ku ma an mulke ku, zai gane.

Ranar Juma'a bayan an sallame na bi mutumin har bakin motarsa. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi iyali, na tambayi ibada, sannan na fito da ambulan na faɗi abin da ke ciki. Sai ya mayar da hannayensa baya. Ya ce, "Malam Isufu, wa ya haƙa rijiyoyin garinku? Wa ya aiko likitocin da ke asibitinku?" Na ci gaba da miƙa ambulan ɗin. Ya ce shi bai ga komai a hannuna ba. Har ya shiga mota, ya sauke gilashi ya tambaye ni, cikin fara'a, ko takarduna sun cika. Na ce Allah ya ƙara girma, ranka ya daɗe.

Ban ji mamakinsa ba. Ciniki ne, na gane shi sarai: an ba ƙasarsa kaya, ana karɓar shiru. Abin da na yi daga baya shi ne nawa.

A wurinmu ba a kai wa majinyaci mummunan labari. In mutum yana kwance aka yi masa rasuwa, sai a ɓoye har ya miƙe. In ka je dubiya ka ga ana mutuwa, sai ka ce jiki ya yi sauƙi. Da wannan tarbiyyar na isa filin da magariba. Na ga Norbu ba ya iya riƙe kofi sai ya jingina shi da ƙirji. Ya ɗago ido ya tambaye ni. Na ce ya karɓa. Ya ce zai yi magana? Na ce zai yi. Ya ce yaushe? Na faɗi ranar da ta fara zuwa bakina, na ce Litinin.

Abin da ban sani ba, a ranar wata likita da ke zuwa duba su ta ce su tsaya haka, sanyin ya yi yawa, jikinsu ba zai ɗauka ba. Sun amince za su tashi washegari. Mutum biyun suka tashi. Norbu ya ce shi ba zai tashi ba, wani babban mutum daga Afirka zai yi magana ranar Litinin, in ya miƙe a zaure aka leƙo aka ga fili wayam, ya kunyata shi.

Ranar Asabar na same shi shi kaɗai. Na ce ya ci abinci, magana za a yi ta ko yana nan ko ba ya nan. Ya ce kwana biyu ne kawai. Ambulan ɗin yana cikin aljihun rigata, ina jin kaifinsa a haƙarƙarina. Kalma uku ce za ta tashe shi daga wurin, bai karɓa ba, na kasa faɗa. Tun ina ce wa kaina tausayi ne, har na gane kunyar a kama ni da ƙarya ce. Litinin ta zo ta wuce. Ya ce wataƙila an ɗage taron saboda ƙanƙara, na ce wataƙila. Talata aka yi iskar da ta yage ledar. Ranar Laraba na iso da filas na tarar da barguna a ƙasa da hotuna a kife. Mai sayar da jarida a gefen ya ce motar asibiti ta ɗauke shi tun da hantsi.

Bai mutu ba. An yanke masa yatsun ƙafa uku, ƙodarsa kuma ba ta sake komawa daidai ba. Ranar Salla bayan idi na je asibiti, matarsa tana zaune da 'yarsu ƙarama a cinya. Ya kama hannuna ya ce ba laifina ba ne, ni na kai, mutumin ne ya saɓa. Na ce Allah ya ba da lafiya.

Bai sake iya tsayuwar titi ba. Matarsa ta ce in riƙe kusurwar tasa, ta ci gaba da kawo mini huluna. Kusurwar ta fi tawa ciniki nesa ba kusa ba. Daga nan na samu abin kama rumfa, daga rumfa shago. Yau sau biyu a shekara nake zuwa Guangzhou ta China saro kaya, ina da sito, ina da takardu, ɗakina da ɗumi har sai na buɗe taga. 'Ya'yana suna azumi a cikin mota mai hita, in na ba su labarin kwali ninki uku su amsa mini da Turanci. Ƙanen Norbu an sake shi bayan shekaru, bai daɗe ba ya rasu. Ba wanda ya taɓa ambaton sunansa a wani zaure. Norbu kansa ya rasu bara, bayan dogon wankin ƙoda. Na je gaisuwa.

Ranar goma ga azumin nan wata mata ta shigo shago da kayan ma'aikatan jinya a ƙarƙashin rigar sanyi. Ta ce, "Baba Isufu, ni ce Dolma." Yarinyar da na gani a cinya ce. Ta ce a can garinsu yanzu ana kwashe yara ƙanana zuwa makarantun kwana, su dawo hutu ba sa iya hira da kakanninsu. Wani ɗan'uwansu ya yi ƙorafi, an tafi da shi, wata bakwai ba labari. Ta ji cewa wani ɗan majalisa zai zo shan ruwa masallacinmu, kuma ni ke magana a madadin 'yan kasuwa. Mijinta da abokansa sun shirya zama ba ci a ƙofar ofishin mutumin, amma sun ce in ya yi alkawari a gabanmu za su san yadda za su yi. Ta ajiye ambulan a kan kantar shagon. Ta ce babanta kullum yana cewa Isufu mutum ne mai kai saƙo.

Na gaya wa 'yan ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa abin da zan yi. Alhaji Sani, wanda muke haɗa kwantena da shi, ya ce minti uku aka ba mu, muna da maganar wurin ajiye motoci ranar Juma'a da ta lasisin masu tebur, me ya haɗa mu da mutanen da ko salla ba sa yi? Ya ce yanzu kowa da waya a hannu, in hoton ya zagaya, in je in nemi bizar China in gani. Gaskiya ya faɗa. Na auna abin kamar yadda nake auna kowane kaya, na ga asarar tana iya zama babba. Na ce masa na ji.

Ranar ta zo. Ɗan majalisar ya iso da hula irin tamu da wani ya ba shi, aka zaunar da shi a gaba, tabarmi cike da mutane, kowa na satar kallon agogo. Na yi maganar motoci a minti ɗaya. Sannan na ce akwai mutanen Tibet a garin nan, suna biyan haraji, suna jefa ƙuri'a kamar mu. Na faɗi sunan ɗan'uwan Dolma, na faɗi sunan ƙanen Norbu. Na ce ba kuɗi suke nema ba, so suke ya miƙe a majalisa ya ambaci sunan wanda ke tsare, ya tambaya ko yana raye. Na ce ya gaya mana yau, zai yi ko ba zai yi ba, don akwai masu shirin daina cin abinci a kan amsarsa. Wayoyi suna sama. Ya miƙe ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce zuciyarsa na tare da duk wanda aka zalunta a ko'ina. Na sake tambaya. Ya ce ofishinsa a buɗe yake. Ya karɓi ambulan bai duba ba, ya miƙa ta baya, mataimakiyarsa ta jefa a jaka. Ladan ya kira salla, aka kai hannu ga dabino.

Dolma tana jira a bakin ƙofar mata. Hajiya Memuna, wadda yanzu sai da sanda, ta sa an ba ta kunu a kofi, tana riƙe da shi da hannu biyu saboda sanyi. Ta hango ni ta matso.

"Baba Isufu, ya karɓa?"

Amsar mai daɗi ta riga ta hau harshena, a shirye, kamar ba a yi shekara talatin ba. Na haɗiye ta.

"Ya karɓa, bai karanta ba. Na tambaye shi sau biyu, bai yi alkawarin komai ba. Ki gaya wa mijinki kada ya yi ko yini ɗaya da yunwa yana jiran mutumin nan. In za su matsa masa, su matsa masa da ƙarfinsu, ni ma zan je ofishin tare da su."

Ta dubi kofin. Ta ce to, aƙalla an kai, kamar na babanta.

Na ce, "Na babanki ban kai ba, 'yata. An ƙi karɓa, na ce masa an karɓa. Kwana biyar ɗin ƙarshe da ya yi a filin nan, maganata yake jira. Takardar tana shago, a cikin akwatin ƙarfe, ba a buɗe ta ba. Gobe ki zo ki karɓi abinku."

Ta daɗe tana kallona, mutane na fitowa suna ratsa mu. Sannan ta miƙo mini kofin, na karɓa, ta ja hular rigarta ta rufe kai ta nufi tashar jirgi. Kunun ya riga ya huce.